Tsallaken Tantani

Kwana ashirin da ɗaya ina renon su,
ƙwayoyin hanji a faranti mai rami goma sha biyu,
kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe.
Sau biyu aka ɗauke wuta a Barnawa,
sau biyu Dogara ya ruga tada janareta da silifa ɗaya.

Yau sun haɗa kafaɗa, sun zama tantani.
Na ɗiga maganin a sama.
A ƙasa ruwa ne garau, yana jiran baƙo.

Duk rabin awa in tsotso ɗigo,
in miƙa wa na'ura,
ta faɗa mini nawa ne suka haye.

Wani maganin ɗan acaba ne a kan gadar kogi,
ta tsakanin motoci yake kurɗawa.
Wani da maiƙo a jikinsa, sulalewa kawai.
Na yau kuwa ya shiga,
aka koro shi ta ƙofar da ya biyo,
sai ka ce wanda ya je walima ba gayyata.

Da asuba a Kabala Baba ya kora ƙwayarsa da kunu,
ya ce, "Lantana, in ta wuce maƙogwaro, ina ta nufa?"
Na ce, "Jini, Baba."
Ban ce masa akwai masu kwana a bakin gaɓa ba.

Na rubuta lambar. Ƙarama ce ƙwarai.
Ban ƙara mata ko ɗigo ba.
Na wanke hannu,
na fita neman keken Kabala kafin magariba.