Mai Fentin Gada

Shekara goma sha tara ina shafa wa gadojin Pittsburgh fenti,
rawaya, launin da garin nan ke so.
Na san kowace ƙusa da irin tsatsarta.
Ranar da igiya ta ci amanata
ban faɗa kogi ba, kan kankare na sauka,
gada guda ta karye, 'yar ƙarama, a cikin wuyana.
Tun daga nan saƙo kan fito daga kaina,
ya iso bakin gaɓa, ya tsaya, babu mai fito.

Likita Halvorsen ba ta yi mini romon baka ba.
Ta ce, "Casimir, ba magani muke da shi ba, tambaya muke da ita."
Na sa hannu da alƙalami a bakina.

Suka buɗe ƙoƙon kaina suka dasa 'yan faranti huɗu,
kowanne bai kai ƙwayar masara ba,
don su saurari gulmar da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta.
Yanzu soket biyu gare ni a ka.
Jikata na tambaya ko ina kama tashar rediyo.

Talata da Alhamis sukan jona ni.
Ga hannun ƙarfe a gefe, baƙi, mai yatsu biyar.
"Yi tunanin ɗaukar kofi."
Na yi wata uku ina tunani, hannu yana marin iska,
har ya kifar da shayi kan takardun Anselm,
yaron ya yi ta ihun murna kamar an ba shi digirin.

Sai ranar da suka ɗaure mini ido.
"Wane yatsa muka taɓa?"
Na ce, "Manuni."
Ɗaki ya yi tsit.
"Yanzu fa?"
"Ƙaramin."

Aka kira Lorna daga baranda, da rigar sanyinta a kafaɗa.
Ta riƙe ƙarfen nan kamar mai gaisuwar makoki.
Abin da ya iso gare ni ba ɗumi ba ne, ba taushi ba,
wani zuuu ne, kamar zuma ɗaya a cikin kwalba.
Ta ce, "Ya kake ji?"
Na ce, "Kamar da."
Shekara talatin da aure, ta san muryar ƙaryata.
Ba ta saki ba.

Ƙarfe huɗu sukan cire waya,
hannuna ya kwana a hawa na shida, ni in tafi gida.
An ce farantan za su dushe wata rana,
nama ba ya son baƙo.
To, a rubuta abin da aka samu, na baya ya ɗora.

A mota, muna haye kogin Allegheny,
na hango inda sabbin yara suka tsallake,
tsatsa ta fito a gindin ƙusa ta uku.
Manunina ya yi mini ƙaiƙayi.
Ban san wanne ba.