Mai Kwana a Zaure

Da can, in na danna maɓalli,
kafin fankar ciki ta gama gyaran murya
mai karanta mini allo ta riga ta yi sallama.
Ta ce: ga ƙofa, ga gurbin kalmar sirri, rubuta.
Ashe ba barci take yi ba.
A ƙarƙashi take kwana,
kamar garwashin da ake binnewa a toka
don kada a wayi gari ana roƙon wuta a maƙwabta.

Ranar kasuwar Gujungu na kai kwamfutar rumfar Hambali.
Na ce ta yi nauyi, tana jan ƙafa kamar jaki a rairayi.
Ya ce, Baba, 'yan cin arziki ne suka cika mata ciki,
kowa na shan baturi, ba mai biya.
Ya kashe wannan, ya kori wancan.
Ya ce, muryar taka ma na sa ta a layi,
sai ka shiga tukuna ta tashi.
Dubu ɗaya da ɗari biyar na ba shi,
na ƙara da godiya.

Gaskiyarsa, ta yi sauri.
Cajin sola yanzu har la'asar yake kai ni.

Sai washegari da hantsi.
Na danna, na saurara.
Fanka kawai.
Na ƙirga arba'in, na ƙara goma don ladabi,
na zuba haruffana cikin shiru
kamar mai jefa guga a rijiyar da bai taɓa sha ba.
Ba ƙarar ruwa.
Na sake. Na kuma sakewa.
Ko ƙofar ce ba ta buɗe ba, ko ni ne nake buga bango,
wa zai faɗa mini?

A waje manoman riɗi sun jingine kekuna,
Barau yana tambayar buhu nawa ƙungiya ke binsa,
ni kuwa, ma'ajin mutum sittin da biyu,
ina zaune gaban littafina kamar baƙo.

Dole na kira Ladiyo, jikata, daga wurin carafke.
Ta leƙa, ta ce, Kaka, cewa take a jira,
wai tana sabunta kanta.
Ta tsaya a kafaɗata har na rubuta.
Yanzu sirrin ƙungiya yana bakin 'yar shekara tara
mai tauna aya.

Can, bayan an gama wahala,
muryar ta taso fes, tana mini barka da zuwa.
Na ce, sannu da hutawa.

Hambali, ɗana, ba laifinka ba ne.
Kai idonka ya tsallaka da kai wannan minti
ba ka ma san da shi ba.
Amma cikin ɗakina na san inda randa take,
na san inda tabarma ta ƙare.
A dokin ƙofa ake tuntuɓe.
Me zan yi da ɗan jagoran da ke zaune a ƙuryar ɗaki
yana jira in iso?

Kasuwa mai zuwa zan hau acaɓa in dawo maka da ita.
Mayar mini da mai kwana a zaure.
Ta ci baturin, ta ci.
In cajin ya mutu da azahar
sai in rufe, in je in duba akuyoyi.

Kafin nan kwana shida ne.
Kullum da safe ina ƙirga arba'in,
Ladiyo tana bakin ƙofa, ta yi kamar ba ta kallo.