Aji a Kan Ruwa

Na zo tafkin Tonle Sap da jan biro,
ina zuba wa yara magana
kamar mai ɗura ruwa a kwando.

Ajinmu kan ganguna yake shawagi.
Allo ma ba ya kwana inda ya wuni.

Vuthy, da ya kasa lissafi a takarda,
na gan shi da asuba cikin kwalekwale
yana kasa kifi kashi bakwai,
har da na makauniyar maƙwabciyarsu.
Babu saura.

Tun ranar, in na yi tambaya
sai in haɗiye amsar,
in ƙirga igiyar ruwa har tara.
Sreyneang ta raɗa, "Malam ya manta."
Ban musa ba.
Hannu uku suka tashi.