Abin da Ke Cikin Tagulla

A kwana ta tara kafin Potosí
ta sake yi.
Na taka totur, ta yi kamar za ta amsa,
sai ta shaƙe, ta yi tari biyu irin na tsohon mashayin taba,
ta mutu a hannuna
da buhu talatin da ɗaya na dankali a bayanta.

Baba Nemesio bai ji ba.
Shekara huɗu ke nan da kunnensa ya rufe,
yanzu ta tafin ƙafa yake sauraron mota.
Hanci kawai ya ɗaga ya ce,
"Fermina, wannan ba yunwa ba ce. Ƙoshi ne."

Ni kuwa yunwa na zarga.
Na sa dutse a bayan taya, na kwance matatar mai,
na hura, iska ta wuce sumul.
Na bi tiyo da yatsa tun daga tanki
kamar mai laluben ƙaya a ƙafar yaro.
Babu tsaga.
Famfo na tofa fetur a kwalba, ba ya rowa.

To wuta fa?
Filogin farko baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf.
Na uku haka. Na shida har ɗiga yake.
Tartsatsi kuwa shuɗi ne, ƙas, ƙas, lafiyarsa lau.

Wani direba ya rage gudu ya leƙo,
ya ce kwayil ne, ai kullum kwayil ne, ya wuce.
Wata mai kiwon lama ta ce laifin tsauni ne,
mutum ma numfashi gagararsa yake a nan, balle ƙarfe.
Rabin gaskiya ta faɗa.
Motar nan tana hawan dutsen nan tun ban zo duniya ba,
da siririyar iskar nan ta tsufa.

Baba ya sauko da ganyen koka a kumatu,
ya shimfiɗa bargonsa a ƙasa.
"Buɗe kafireta.
Jera sukurori yadda kika cire su,
wanda ya faɗa tsakuwar nan sai dai a lahira."

Kwanon ciki ya cika ya tumbatsa.
Ɗan tulun tagullar da aikinsa iyo ne,
ya taso tare da mai, ya tura allura ta toshe ƙofa,
ya ce ya isa haka,
ga shi kwance a ƙasa kamar dutse.

Baba ya ɗauka ya kai kunne ya girgiza,
don hannu bai san kunne ya yi ritaya ba.
Ya tsaya.
Sannan ya miƙo mini. "Ji mana."

Na girgiza.
Cakal, cakal.
Ɗan mitsitsin kogi
a cikin abin da aka ƙera don ya zauna fanko.
Na gyaɗa kai da ƙarfi yadda zai gani.

Nesa da mota muka kunna risho,
ruwan shayinmu ya yi zafi, muka tsoma tulun.
Kumfa ta fito a jere daga bakin ɗinki,
ƙofar ba ta kai kafar allura ba.
Shekara nawa yake kurɓa a ɓoye, ɗigo ɗigo,
har nauyi ya kai shi ƙasa?
Ban tambaya ba. Baba na kallon hannuwansa.

Da zafi ya koro fetur ɗin, tulun ya bushe,
ya gasa ƙusa, ya zaro guntun dalma daga aljihu.
Hannunsa na rawa.
Na riƙe masa tsintsiyar hannu, muka ɗiga tare.
Ya fito a karkace, mummuna, amma ya kama.

Na goge filogi shida da gefen siket.
Murɗa ta farko, shiru.
Ta biyu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe lama uku.
Ta uku ta tashi, ta daidaita,
tana gurnani ƙasa ƙasa kamar kyanwa a cinya.

Na juya zan yi masa ihu a kunne.
Ya riga ya cire takalmi,
ƙafarsa shimfiɗe a kan ƙarfen ƙasa, idonsa rufe.
"Silo ya yi sama kaɗan," ya ce.

Mun isa kasuwa da la'asar, an fara naɗe rumfuna.
Buhu tara kawai muka sayar.
Har yau in na haɗa shayi a tukunyar nan
sai na ji ɗanɗanon fetur.