Ɗaki Mai Lamba Sha Ɗaya, Dang

Makulli guda aka ba ni,
aka ce ɗakin nan naka ne.
Katifa, ƙusa uku a bango,
da baƙin hayaƙin wanda ya riga ni.
Ban taɓa mallakar ƙofa ba sai ranar,
na rufe, na buɗe, na sake rufewa.

A Tasawa mu shida ne kan tabarma biyu,
ko tari ka yi, wani zai ce sannu.
A nan na yi atishawa, na yi hamdala,
na kasa kunne,
sai ruwa ke dukan kwano.

Jikka biyar da Inna ta ƙulle a bakin zane
na miƙa wa mai shago.
Ya juya ta gaba da baya, ya mayar mini:
"Wannan sefar ba ta ci a nan."
Suna ɗaya, uwa daban.
Ashe ni da kuɗina duk baƙi ne.

Ruwan da muke fita roƙo a gida
a Ngaundare shi ke koro mu ɗaki.
Kwana uku rigata na kan igiya,
ta ƙi bushewa, ta koyi wari.
Jar laka ta cinye mini takalmi ɗaya
a kan hanyar zuwa aji.

Shinkafata ta farko ba ta faɗuwa:
ƙasa gawayi, sama tsakuwa.
Na kira Tsahara, ta yi ta dariya
har kuɗin wayar suka ƙare
kafin ta faɗi awon ruwa.
Ƙauri ne ya kawo mini maƙwabci,
Jimadum, dogon yaro daga Mundu.
Ya tsoma yatsa a tukunya, ya nuna gaɓa guda,
ya ce iyakar ruwan ke nan.
Shi Lahadi yake zuwa ibada,
amma in ladan ya kira asuba
yana kan karatu, sai ya bugi bango sau biyu.
Da wannan bugun nake tashi.

A aji mun fi ƙarfin ƙirge.
Malam bai san sunana ba,
ƴan aji kuwa "Nijar" suke ce mini,
ƙasa sukutum a kan wuyan Lawali.
Wata Talata na yi barci har hantsi,
ba wanda ya yi faɗa,
ba wanda ya ma lura.
Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Bayan littafina akwai wani darasin
da ba a koyarwa a kan allo:
haya, gas, wuta, sabulu, kuɗin buga takardu.
Daga ashirin ga wata
gari da suga ne sarki.
Baba ya kira: "Babu dai matsala?"
Na ce babu,
cokali na cikin kofi ina riƙe shi kada ya yi ƙara.

Dadda Hapsatu mai soya makala a bakin titi
ta ce, "Jam na?"
Mako biyu ina yi mata murmushin kurma.
Ran da na amsa "Jam,"
ta jefa mini gyara guda biyu.

Zazzaɓi ya zo a wata na huɗu.
Na lallaɓa da ƙafata na sayo magani,
na dama kunu, ya yi gudaji, na sha.
Na yi kuka kaɗan, kada in ɓoye.
Kwana uku na miƙe na wanke tukunya.

Jiya da magariba Inna ta kira,
ta ce, "Kana ina nake jin ruwa?"
Na ce, "Ina gida."
Shiru ya ratsa tsakaninmu, mai tsawon hanya.
Can ta ce, "To, ka ci abinci?"
Na ce yana kan wuta.
Wannan karon ba ƙarya na yi ba.