Takarda a Aljihun Wakili

Kakana Labbo ya tafi taron Jos a bayan gingimari,
kwana uku bisa buhunan gyaɗa,
da guzurin ƙuli-ƙuli da takardar ajami:
mutanen Tungar Arzika na roƙon gada.
Ya ɗaga hannu inda aka ce a ɗaga,
ya komo da bajo a ƙirji, da tari.

Babana ya ga teku a Ikko.
Shekara ashirin yana labarin gishirinta,
bai taɓa faɗin wanda ya karɓi takardar ba.
Rediyo dai ya kawo, da atamfar Inno.

Bana ni aka tura Abuja.
Ƙarfe biyun dare aka ƙwanƙwasa ƙofa,
ambulan ya shigo, ko sallama babu.
Da asuba wani ya biyo, ya fi shi kauri.
A layi aka raɗa mini suna, na rubuta.

Yau ga ni bakin gulbi, takalmi a hannu,
albasa na ruɓewa a tsallake.
Mai jirgi ya dube ni: "Wakili, mi aka samo?"
Na shafa aljihu. Tana nan, ninki huɗu.
Na biya kuɗin fito,
har da na mutum bakwai da ke bayana.