Ɗigon Ruwa a Brno

Ƙarfe shida, taragon lantarki bai fara kuka ba,
Radmila ta rataye rigar sanyi a bayan ƙofa,
ta yanko leda faɗin tafin hannu
ta ɗora mata ɗigon ruwa ɗaya.

Ɗigon ya dunƙule, ya tsaya ƙiƙam
kamar baƙon da aka ba kujera ya ƙi zama.
Ta leƙa na'urar awo: digiri casa'in da takwas.
Haka ledar take tun daga masana'anta,
ba ruwanta da ruwa, ba ta riƙe tawada,
ka shafa mata gam yau, gobe ta tofar.

Sai akwatin ƙarfe.
Ta rufe, ta zuƙe iskar ciki,
ta saki oksijin kaɗan, ta murɗa lantarki.
Ta 'yar taga haske ya tashi
tsakanin shuɗi da shunayya,
wuta mai sanyi, sunanta filasma.
Daƙiƙa ashirin. Ta kashe.

Ido bai ga komai ba.
Amma a fatar sama, inda silin gashi ma dutse ne,
an tsinke igiyoyi, oksijin ya sami wurin maƙalewa,
santsi ya zama ƙananan tuddai da kwari.
Cikin ledar kuwa ko labari bai ji ba,
ƙarfinta na nan, haskenta na nan.

Wani ɗigon.
Wannan bai yi gardama ba, ya kwanta, ya baje,
digiri arba'in da ɗaya.
Ta ja layin tawada, ta manna salatif, ta fizge.
Layin bai motsa ba.

Tsoho Vendelin, da zai aje aiki a bazara,
ya shigo da kofi da ƙanƙara a kafaɗa.
Ya ce, kar ki zarce, yarinya.
In kin daɗe da ita a wutar
fatar za ta zama gari, ki goge da yatsa.
Kuma rubuta kwanan wata.

Ta rubuta. Ta sa a aljihun tebur.

Mako uku, ta ɗauko.
Ɗigon ya ɗan ɗaga kai: sittin da bakwai.
Abin da wuta ta fito da shi fili
yana juyawa, yana komawa ciki a hankali,
ledar na tuna halinta.
Vendelin ya ce shi ya sa ake buga tawada ran da aka gasa,
ba a cewa sai Litinin.

Ta tsaya da bututun ɗigo a hannu.
Wanta a Ostrava,
wanda ya yi kuka a kafaɗarta ran jana'izar uwarsu
bayan shekara tara ba gaisuwa,
yau kwana goma sha tara ke nan.

Ta cire safar hannu ɗaya.
Wayar na cikin rigar sanyi, a bayan ƙofa.